Tambaya da Amsa: Marubucin da Ya Tona Asirin Budurwarsa

Tambaya: Ni malamin Hausa ne a wani ƙauye kusa da Ringim, Jihar Jigawa. Na rubuta wasan kwaikwayo kan wani marubuci da soyayyarsa ta dagule, domin budurwarsa ta gano yana kwashe hirarsu ta zance yana zubawa a wasanninsa. Shin mutanen karkara za su karɓe shi a dandali?

Amsa: Malam, za su karɓa, domin kwaikwayon zaman namiji da mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tashen Mairama da Daudu, wanda 'yan mata ke yi bayan 10 ga watan azumi, kan zaman aure yake. Abin da zai taɓa zukatansu shi ne tonon asiri, ba wahalar rubutu ba. Saboda haka ka ba yarinyar bakin magana sosai: a gan ta tsaye a zaure, fitila a hannu, tana jin maganganun da ta faɗa masa a asirce suna fitowa daga bakin yaran unguwa. Ina roƙonka kada ka ɗora mata laifi don a tausaya wa marubucin. Ka hana 'yan wasa taɓa juna, kuma ka sanar da dagaci da iyayen ɗalibai kafin a fara gwaji.