Tambaya da Amsa: Ɗiyata ta haddace siffofi a aji, amma ba ta gane su a waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata shekararta biyar. Ta haddace da'ira da alwatika da murabba'i a hoton da ke bangon ajinsu, amma da na nuna mata alamar hanya mai tsini a ƙasa sai ta ce ba alwatika ba ce, wai "ta kife". Malamarsu ta ce kanta ba ya ja, in sayi kayan wasa na ƙasar waje da makarantar ke sayarwa. Hankalina ya tashi. Ko tana da matsala ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, ki kuma riƙe kuɗinki. Abin da kika bayyana kusan kowane yaro mai shekarunta yana yin sa. Tun 1957 wasu malaman lissafi, mata da miji 'yan Holan, Dina da Pierre van Hiele, suka bayyana cewa yaro yakan fara gane siffa da kamanninta, daga baya ya gane ta da gefunanta da kusurwoyinta. Sun kuma nuna cewa koyarwa ce ke kai shi mataki na biyu fiye da shekaru.

To ina laifin yake? A wancan hoton bangon. Je ki duba shi. Alwatikar da ke ciki guda ɗaya ce tilo, gefunanta daidai wa daida, gindinta a ƙasa, tsininta a sama, sau da yawa ma kalarta ɗaya a kowane littafi. Yarinya ta shekara tana kallon wannan, ta yaya ba za ta ɗauka cewa zaman yana cikin sharuɗɗan siffar ba? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manya ma sun yarda da haka. Kullum ina haɗuwa da malamin da zai juya murabba'i ya tsaya a kan kusurwa, ya ce wa yara ya zama "daimon", wanda ya rubuta murabba'i kuma a ja masa jan biro. Me ya canja? Gefe huɗu ne masu tsawo ɗaya, kusurwoyin nan huɗu suna nan yadda suke. Hannun malam ne kawai ya motsa. Haka alwatika siririya mai dogon baki, haka wadda ta kwanta a gefe: in dai miƙaƙƙun layuka uku ne suka haɗu suka rufe, magana ta ƙare. Yaron da aka bari da wannan kuskure zai je sakandare a zana masa alwatika mai kusurwa digiri 90 a karkace, ya rasa inda zai sa ƙa'idar Pythagoras, wadda ake lissafa tsawon gefunan irin wannan alwatika da ita, sannan a ce ba shi da kan lissafi. Masu duba makarantu kuwa su shigo, su ga hoto a bango, su sa hannu su tafi, ba wanda ya tambayi yaro ko ɗaya me ya sa wannan ta zama alwatika.

Batun kayan wasa kuwa kasuwanci ne. A 2006 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun gwada mutanen Munduruku na dajin Amazon a Brazil, waɗanda yawancinsu ba su yi makaranta ba, suka tarar yaransu da manyansu suna bambance layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa da kusurwa madaidaiciya. Mutanen Chokwe na Angola a kan yashi suke zanensu, matan kudancin Indiya a ƙofar gida, maginan fadar Alhambra ta Sifaniya kuma a bango. Wato gane siffofi ba sai da kayan wasa na ƙasar waje ba.

Abin yi ba shi da wuya. Daina tambayarta "mene ne sunan wannan?", koma ga "gefe nawa? kusurwa nawa? ya aka yi kika sani?" Ta bi gefen taga da yatsa tana ƙirgawa. Yanka alwatika daga kwali, ki riƙa juya ta a hankali kina tambaya yaushe ta daina zama alwatika; ita da kanta za ta yi dariya. Ku kalli bayan ambulan ɗin wasiƙa, tayil ɗin ƙasa, saƙar zuma mai kusurwa shida, alamar tsayawa mai takwas. Tutar Suwizalan murabba'i ce, ta Nepal alwatika biyu ce ɗaya a kan ɗaya. Tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari tana da faci 12 masu kusurwa biyar da 20 masu shida. Ki kuma nuna mata abin da ya kusa amma bai kai ba, kamar layuka uku da ba su rufe ba, ta faɗi dalili.

In kin ga tana ƙanƙance ido ko tana kai littafi dab da fuska, wannan na likitan ido ne, a kai ta. Malamarsu kuma, ki roƙe ta cikin ladabi ta cire hoton nan ta manna shi a kife na mako guda.