Muryar Wace Ce a Cikin Wannan Talla?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, akwai wata tallar mota da ake yawan sawa a talabijin, wadda a cikinta wata mace take rera wata tsohuwar waƙar Turanci a hankali, babu wani kiɗa sai piyano. Na daɗe da sanin waƙar, kuma na tabbata namiji ne ya fara yin ta, da kiɗa mai sauri. Na kara wayata kusa da talabijin na buɗe Shazam, manhajar gano waƙa, amma wani lokaci ta ce ba ta gano komai ba, wani lokaci kuma ta kawo mini wata waƙa dabam. Ta yaya zan san mai wannan murya, kuma me ya hana masu tallar sa waƙar ta asali? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin amsarta ce za ta nuna miki inda ya kamata ki nemi amsar ta farko.

Kowace waƙa da ta fita kasuwa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin baituka da karin waƙar, wanda ke hannun wanda ya tsara ta ko kamfanin da ke kula masa da ita, sannan akwai haƙƙin naɗin da aka yi a sutudiyo, wato ainihin murya da kiɗan da ke kan faifai, wanda galibi ke hannun kamfanin da ya fitar da faifan. Mai talla da yake son waƙar yadda kowa ya san ta, dole ne ya nemi izini daga ɓangarorin biyu, ya kuma biya kowannensu. Idan kuwa ya ɗauko wata mawaƙiya ta sake rera waƙar, to ɓangare na farko kawai zai biya, ban da ladan aikin sabuwar mawaƙiyar da makaɗanta, wanda sau da yawa bai kama ƙafar abin da kamfanin faifai zai nema ba. Wani lokacin ma ba maganar kuɗi ba ce, masu naɗin ne suke ƙin bayarwa. Waƙoƙin ƙungiyar Beatles sun yi suna a kan haka, shi ya sa lokacin da kamfanin Philips ya yi amfani da waƙarsu mai suna "Getting Better" a tallace-tallacensa na ƙarshen shekarun 1990, wata ƙungiya ce mai suna Gomez ta rera ta.

Akwai kuma dalilin da ya shafi aikin kansa. Talla sakan 30 ce ko 60, kuma ana so amshin waƙar ya faɗo daidai lokacin da motar ta bayyana, kiɗan kuma ya lafa inda mai bayani zai yi magana. Tsohon naɗi ba ya lanƙwasuwa haka, amma sabo ana ɗinka shi ne a jikin hoton tun daga farko. Rage wa waƙa mai zafi sauri a ba wa mace ta rera ta da piyano, kamar yadda kika ji, salo ne da masu talla suka daɗe suna so, domin mai kallo yana jin ya san waƙar amma bai gama gane ta ba, wannan ɗan ruɗanin kuwa shi ne yake sa ya ɗago kai ya dubi talabijin.

A nan ne matsalar Shazam ta samo asali. Wannan manhaja, wadda ta fara aiki a Ingila a 2002 kuma kamfanin Apple ya saye ta a 2018, ba karin waƙa take ganewa ba. Abin da take yi shi ne ta tsinci wuraren da sauti ya fi ƙarfi a cikin 'yan sakan ɗin da ta ji, ta haɗa su su zama wata alama mai kama da zanen yatsa, sannan ta nemi naɗin da ya dace da wannan alama a rumbunta. Mawaƙa biyu da suka rera waƙa ɗaya alamarsu ba za ta zo ɗaya ba, kuma idan naɗin da kika ji an yi shi ne don tallar kaɗai ba a taɓa fitar da shi ba, to babu shi a rumbun, komai yawan gwajin da za ki yi. Duk da haka kada ki yanke hukunci da gwajin gaban talabijin. Ki nemi tallar a shafin kamfanin na YouTube, inda sau da yawa ake sa doguwarta, ki sake gwadawa a wurin da babu muryar mai bayani, ki kuma karanta rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon, domin wasu kamfanoni a nan suke ambaton mawaƙi.

Tun da kin riga kin san sunan waƙar, kin tsallake rabin wahalar da wasu ke sha. Wanda bai sani ba zai iya rubuta layi guda na baitukan a Google, ko ya yi amfani da hanyar da kamfanin ya ɓullo da ita a 2020, wadda mutum ke rera karin da bakinsa ta nemo masa waƙar. Ke kuwa sai ki wuce shafin SecondHandSongs, wanda aikinsa shi ne tattara sunayen waɗanda suka sake rera kowace waƙa tare da shekarar da suka yi, ki ware mata daga cikinsu, musamman na baya-bayan nan, ki saurare su ɗaya bayan ɗaya kina kwatantawa da tallar. Ki kasa kunne ga inda take jan numfashi, da yadda take jan harafin ƙarshe na baiti, da yadda piyano yake shigowa, domin kamannin murya kawai ba hujja ba ne. Ina jan hankalinki a kan wannan saboda da zarar talla ta yi farin jini, sai masu neman masu sauraro su yi ta ɗora nasu maimaicin a intanet suna rubuta sunan tallar a kai, mutane kuma su ɗauka su ne suka yi ta.

Idan an yi sa'a, kamfanin da kansa ne zai yayata sunan. Kantin John Lewis na Birtaniya ya shahara da haka a tallace-tallacensa na Kirsimeti: Gabrielle Aplin ce ta rera masa "The Power of Love" a 2012, Lily Allen kuma ta rera "Somewhere Only We Know" ta ƙungiyar Keane a 2013, kuma duka biyun an fitar da su kasuwa har suka kai matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin ƙasar. Amma wannan ba shi ne abin da aka saba ba. Akasari mai muryar mawaƙiyar sutudiyo ce da aka ɗauka don wannan aiki kaɗai, aka biya ta ladanta, sunanta kuwa ya tsaya a takardun kamfanin da ya haɗa kiɗan. A ganina wannan rashin kyautawa ne, domin muryarta ce ta sa kika tsaya har kika rubuto mana, ba hoton motar ba, kuma layi ɗaya a ƙasan allo ba zai rage wa kowa komai ba.

Saboda haka idan na'ura ta gaza, sai a koma ga mutane. Mujallun masu sana'ar talla, irin su Adweek da Campaign, sukan kawo jerin waɗanda suka yi aiki a kan manyan tallace-tallace, tun daga kamfanin da ya tsara tallar har zuwa wanda ya haɗa kiɗa, kuma idan tallar ta Amurka ce shafin iSpot.tv yakan nuna waƙar da aka sa. Da zarar kin sami sunan kamfanin kiɗan, ki rubuta musu kai tsaye, domin su ne suka kira mawaƙiyar kuma yawanci suna alfahari da aikinsu. Idan ba ki same shi ba, ki rubuta wa kamfanin motar, ki faɗi samfurin motar, da tashar da kika ga tallar, da watan da kika gan ta, domin talla ɗaya takan fita da kiɗa dabam-dabam a ƙasashe dabam-dabam saboda iyakar izinin da aka saya.

TAMBAYA: Malam, na ji wata talla da zan iya rantsuwa muryar wani sanannen mawaƙi ce a ciki, amma aka ce mini ba shi ba ne. Shin doka ta yarda a kwaikwayi muryar mutum haka? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, amsar ta danganta da dokar kowace ƙasa, amma kotunan Amurka sun yi magana a kai ƙarara. A tsakiyar shekarun 1980 an nemi mawaƙiya Bette Midler ta rera wata waƙarta a tallar motar kamfanin Ford, ta ƙi, sai kamfanin da ke tsara tallar ya ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan amshinta, aka umarce ta da ta kwaikwayi muryar uwargidanta iyakar iyawarta. Suna da izinin amfani da baitukan, ba su kuma sa suna ko hoton Midler ba, amma a 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kwaikwayon sananniyar murya da gangan don sayar da kaya tauye haƙƙin mai muryar ne, daga baya aka yanke wa Midler diyyar dala 400,000. Mawaƙi Tom Waits ma ya yi irin wannan shari'a da kamfanin Frito-Lay, inda a 1992 aka tabbatar masa da diyyar da ta haura dala miliyan 2. Tun daga nan manyan kamfanoni suka fi son sabon naɗi ya bambanta da na asali a fili.