Bututun ruwa ya fashe a hunturu: wa zai biya, mai gida ko ɗan haya?

Tambaya: Barista, ina haya a Unguwar Rogo, Jos. Cikin sanyin Janairu bututun da ke sauko da ruwa daga tanki ta bayan katanga ya tsage. Filamba ya ce ƙanƙara ce ta fasa shi. Na gyara da kuɗina, na ce zan cire a kuɗin haya, mai gida ya ce atafau. Ba haƙƙina ba ne?

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya, amma kar ka taɓa kuɗin hayar nan tukuna.

Mutane sun ɗauka duk abin da ya lalace a gidan haya yana wuyan mai gida. Doka ba ta faɗi haka kai tsaye ba. Kotu yarjejeniyar haya take fara dubawa. In ta ɗora masa gyaran bututu, kana da bakin magana. In ta yi shiru, ko ma babu takardar, kamar yadda aka saba a unguwanninmu, galibi ba a tilasta masa gyara. Kai ma ba a kama ka da abin da tsufa ya lalata, sai wanda sakacinka ya jawo. Ban ga takardarku ba, don haka ba zan yanke ba.

Zancen ƙanƙara kuwa, ina da ja. Gaskiya ne ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ke fasa bututu a Turai. Amma sai sanyi ya kai digiri sifili. Jos na kan tudu, kusan mita 1,200, daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 10, sai dai da wuya ya daskarar da ruwa. An fi samun bututun roba da rana ta gasa shekara da shekaru, sanyi ya zo ya ƙarasa shi. Wannan ma ya fi yi maka amfani, tunda ba kai ka shimfiɗa shi a fili ba.

Ka sanar da shi kafin ka kira filamba? In ba ka yi ba, ka rage wa kanka ƙarfi. In kuma ka cire kuɗin ba da amincewarsa ba, zai iya cewa yana bin ka bashin haya, ka miƙa masa hujjar neman ka tashi. Shi ma dai ya sani, ba shi da ikon yanke maka ruwa ko fitar da kayanka sai da notis da umarnin kotu.

Kuɗin shari'a zai ninka na bututun. Ka haɗa rasit da hotuna, ka nemi ejan ko mai unguwa ya zaunar da ku. In ya yarda ku raba, ka karɓa, a rubuta kowa ya sa hannu. A cikin takardar a faɗi wanda zai binne bututun, ko ya naɗe shi da buhu, kafin Disamba.