Raɗa wa jaririya sunan Hausa a Denmak

Tambaya: Lauya, ina zaune a birnin Aarhus na Denmak, matata 'yar ƙasar ce. Allah ya ba mu 'ya mace, ina so a sa mata Asabe, sunan mahaifiyata, ita kuma uwar tana son Freja. An ce gwamnati na iya ƙin sunan. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, Allah ya raya. Gaskiya ne, amma kwantar da hankalinka. Tunda a can kake zaune, dokar sunaye ta Denmak, wadda ta fara aiki a 2006, ta hau kanka ko da fasfonka na Najeriya ne. Ku yi sunanku ran bakwai, ba mai hana ku. Abin da hukuma ta sani shi ne a yi rajistar suna kafin yarinya ta cika wata 6, in an wuce ana iya cin ku tara.

Hukumar Familieretshuset, mai kula da shari'ar iyali a Denmak, tana da jerin sunayen da aka amince da su. Fara duba shi. In Asabe ba ya ciki, ku cika takarda a borger.dk, shafin intanet na gwamnati, ofishin cocin unguwarku ya tura wa hukumar. Kada cocin ya ɗaga maka hankali, a mafi yawan ƙasar su ke riƙe da rajistar haihuwar kowa, Musulmi da Kirista. Za a duba ko sunan mace ne na gaske, kuma ba zai zame wa yarinya abin gori ba. Haɗa da takardar mahaifiyarka mai ɗauke da sunan.

Sunan dangi ya fi ba mutanenmu wahala. Su can na gado ne, kamar Jensen, wato ɗan Jens. Sai dai dokar ta yarda a yi amfani da sunan uba ko kaka in al'adar mutum haka take, don haka ka nemi wannan a fili.

Batun Freja kuwa, dole ku biyu ku sa hannu in kuna riƙon yarinyar tare, ba ka da ikon yankewa kai kaɗai. Sunan wata abar bauta ce ta mutanen arewacin Turai na da, gara ka sani kafin ka amsa. In kun daidaita, doka ta yarda yarinya ta ɗauki sunaye biyu, ko ku nemi wani na Denmak da bai taɓa addini ba.