Hukuncin shan shayi da gahawa saboda sinadarin kafeyin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne, ina tafiyar dare tsakanin Kano da Legas. Nakan sha Nescafé kofi biyar ko fiye don kada barci ya sace ni. Wani abokina ya ce akwai sinadarin kafeyin a ciki, wai ƙwaya ce, don haka haramun ne. Mai ɗakina kuma tana da juna biyu, ba ta rabuwa da shayi. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abokinka ya yi gaggawa. Asali a abinci da abin sha halal ne sai abin da dalili ya haramta. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, maye kuwa shi ne gushewar hankali. Kafeyin ba ya gusar da hankali, farkar da shi yake yi. Shi ne ma sinadarin da ke cikin goron da iyayenmu da malamanmu suke ci tun tale-tale.

Wannan muhawara ta daɗe. A shekarar 1511 an hana gahawa a Makka bayan wasu malamai sun yi zargin tana bugarwa, alhali sufayen Yaman suna shanta ne don raya dare da zikiri. Hanin bai daɗe ba, daga baya maganar malamai ta tabbata a kan halaccinta.

Inda hukunci ke sauyawa shi ne cutarwa, saboda hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa babu cuta babu cutarwa. A nan awo yana da muhimmanci. Kofin gahawa da aka dafa yakan ɗauki kusan miligiram 95 na kafeyin, kofin baƙin shayi kusan rabin haka, koren shayi kuma ƙasa da wannan. Likitoci sun sanya kusan miligiram 400 a rana ga baligi mai lafiya, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Saboda haka mai ɗakinka ta tsaya a kofi biyu ko uku na shayi mara ƙarfi, ta kuma ƙirga goro da lemon kwalba mai kafeyin a ciki. Idan likita ya ce ta rage fiye da haka, bin umarninsa ya zama wajibi a kanta.

Kai kuwa, abin da ya fi damuna ba kofi biyar ɗin ba ne. Gahawa tana ɓoye gajiya ne kawai, ba ta biyan bashin barci. Direban da idanunsa ke rufewa a kan titi yana riƙe da rayukan mutane, kuma ci gaba da tuƙi a wannan hali bai halatta ba. Ka faka, ka runtsa, sannan ka tashi. Kuma ka kiyayi shayin da ake zuba wa taramol ko wata ƙwaya a wasu tashoshi, wannan haramun ne kai tsaye.

Allah ne mafi sani.