Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Yadda Tsoka Ke Jan Ƙashi Har Gaɓa Ta Motsa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Tunda ƙashi ba ya lanƙwasuwa, ta yaya nake iya naɗe hannuna in kuma miƙe shi?

Amsa: Malam, ƙashi ba ya motsa kansa, tsoka ce take jan sa. Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki sama da 600, kuma yawancin tsokokin nan gaɓa suke ƙetarewa, bakinsu ɗaya ya kama wannan ƙashin, ɗayan ya kama na gaba, ta hanyar wata farar jijiya mai ƙarfi kamar igiya, wadda aka gina da sinadarin kolajin. Da zarar ka yi niyyar naɗe hannu, saƙo yakan taso daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka da jijiyoyin saƙo har ya isa tsokar, sai sinadarin kalsiyam ya bazu a cikinta, wasu siraran zaruruwa iri biyu, aktin da mayosin, su ja juna, tsokar ta gajarce ta yi tauri.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tsoka ja kawai take iyawa, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu. Dafa damtsenka na dama da hannun hagu, sannan ka naɗe gwiwar hannu: za ka ji ƙwanjin gaba ya taso, tsokar baya kuwa ta saki. Idan ka miƙe hannun da ƙarfi, sai ta bayan ta karɓi aikin.

Tambaya: Likita, ina cikin gudu na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan diddige, yanzu kuma ba na iya yin ɗage. Targaɗe ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya fi kama da tsinkewar agara, wato jijiyar da ke haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin diddige, wadda ta fi kowace jijiya irinta kauri a jiki. Ina roƙonka kada ka bari a murza ko a ja ƙafar, ka daina taka ta, ka je asibiti yau. Jini kaɗan ne yake isa irin wannan jijiya, don haka warkewarta takan ɗauki watanni, jinkiri kuma yana sa bakunan da suka rabu su ƙara nisa da juna, gyara ya yi wuya. Ka sanar da likita idan ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin kwanan nan, domin yana cikin magungunan da ke raunana agara.

Tambaya: Likita, an kwance wa ɗana ɗaurin karaya, sai na ga hannun ya sirance. Ko ya shanye ne?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Tsokar da ta yi makonni ba ta aiki takan rame, kuma takan murmure idan aka koma motsa ta a hankali bisa shawarar likitan gashin ƙashi. Amma idan yatsunsa ba sa motsi, ko kuma ba ya jin taɓi a wani sashe na hannun, ki mayar da shi a duba jijiyoyin saƙo ba tare da ɓata lokaci ba.