Tambaya da Amsa: Shin Mata Ne Suka Fi Yawa a Koyarwar Sakandare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Hajiya, ina koyar da darasin Kemistiri a wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke bayan garin Zariya, kuma a cikin malamai goma sha tara mu uku ne kacal mata. Ƙanen maigidana da ya dawo karatu daga Ingila ya ce a can mata ne suka fi yawa a wannan aiki. Shin gaskiya ne, kuma haka abin yake a sauran ƙasashe? Idan haka ne, me ya sa mu muka zama 'yan tsiraru? Daga wata malama, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanen maigidanki bai yi ƙari ba, domin a Ingila kusan biyu cikin kowane malaman sakandare uku mata ne. Binciken da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da akasarinsu suka ci gaba, ta gudanar a shekarar 2018 kan malaman ƙaramar sakandare ya nuna cewa a ƙasashenta mata sun kai kimanin kashi 68 cikin ɗari, a Latbiya ma sun doshi kashi 90. Japan ce ta fita daban da kashi 42, kuma a can ne malami ya fi na ko'ina daɗewa a bakin aiki, wajen awa 56 a mako, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga mace mai goyo. A Saudiyya, da yake makarantun maza daban na mata daban, kuma mata ne ke koyar da 'yan'uwansu mata, adadin ya kusa zama rabi da rabi. Idan aka dawo Afirka kudu da Sahara sai lissafin ya juye: mata ba su wuce kusan ɗaya cikin uku ba, a maƙwabciyarmu Chadi kuwa ko ɗaya cikin goma ba su cika ba.

Sai dai kada yawan nan ya ruɗe ki. A Ingilar da ake ba ki labari, a da idan malama ta yi aure hukumomin ilimi da dama sallamarta suke yi, sai dokar ilimi ta 1944 ce ta hana hakan. Wancan bincike na 2018 kuma ya gano cewa ko da yake mata ne suka cika azuzuwa, ba su kai rabin shugabannin makarantu ba, a Japan ma kashi 7 ne kawai. A ƙasashe da yawa ana danganta raguwar maza a koyarwa da cewa albashinta bai kai na sauran ayyukan masu digiri ba, don haka ni ba na ɗaukar yawan mata shi kaɗai a matsayin shaidar an daraja su.

Game da namu ƙarancin, ban yarda da masu cewa koyarwar mace baƙon abu ne a ƙasar Hausa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajoji, wato mata malamai, da ke zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. A boko ne aka bar mu a baya. Kwalejin da ta zama Barewa an buɗe ta a Katsina a 1921, ta iso Zariya a 1949, kuma ta maza ce zalla, don haka maza sun riga mu shiga wannan fage da shekaru masu yawa. Malamar sakandare ta yau ita ce yarinyar da aka bari ta gama sakandare shekara goma ko ashirin da suka wuce, ta samu takardar NCE ko digiri, ta yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Duk yarinyar da aka cire daga aji uku, an rage malama ɗaya ke nan tun kafin a san za ta zama malama.

Abu na biyu shi ne wurin aiki, kuma na tabbata kin fi ni saninsa. Wanda ya leƙa makarantun cikin gari zai tarar da ofishin malamai cike da mata, amma da an nufi ƙauyukan Giwa ko Soba sai su yi ta raguwa. Malamar da za ta fito bayan sallar asuba da jariri a baya, jakar littattafan da ta kwana tana dubawa a hannu, ta shiga motar haya sannan ta hau acaɓa, kuɗin mota ya cinye kaso mai tsoka na albashinta, ba za a ga laifinta ba idan ta nemi a dawo da ita kusa da gida. Ga shi kuma ƙauyen ne ya fi bukatarta, domin akwai iyayen da ba sa sakin jiki su bar 'yar da ta fara girma a makarantar da babu mace ko ɗaya da za ta kai wa kukanta. Gidan malamai mai katanga da ruwa, da alawus ɗin ƙauye da ake biya a kan lokaci, za su yi aikin da dogon jawabi a taron bita ba zai yi ba.

Ke kuwa da kike koyar da Kemistiri kin shiga sahun da ke fama da ƙarancin mata. Shawarata ita ce ki sa ido a kan 'yan matan ajin ƙarshe da kika ga suna da ƙwaƙwalwar lissafi, ki zauna da iyayensu mata kafin lokacin cike fom ɗin JAMB, ki nuna musu cewa Jami'ar Ilimi ta Tarayya (tsohuwar kwalejin ilimi ta FCE) da tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru duk a Zariya suke, yarinya za ta iya yin karatunta tana kwana a ɗakin mahaifiyarta.